Gwangwanin Iri a Kabad ɗin Alhaji Kalilu

Na Allah muke, kuma wurinSa kowannenmu zai koma. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, daidai da 17 ga Shawwal, 1446, Allah Ya karɓi ran maigidana a wurin aiki, Alhaji Kalilu Dankure Argungu, Daraktan Mulki na ma'aikatarmu a Birnin Kebbi. Da hantsi ya ce kansa na sarawa, ya kifa goshi a kan tebur, muka kwashe shi zuwa asibiti. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa a Argungu, kusa da mahaifinsa. Saura kwana arba'in da shida ya ajiye aiki. Na san adadin ne domin shi da kansa yake soke kwanakin a kalandar bango kowace safiya, tun kafin ya zauna.

Yallaɓai, ni ne Abdussamadu, mataimakinka, wanda ka fi so ka kira Abdu. Mako uku ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Mutane da yawa sun riga ni yabonka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma akwai abin da na sani wanda ba su sani ba, shi ne ya hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan.

Shekara ashirin da shida da suka wuce na fara shiga ofishinka. Daga Ambursa na taho a bayan babur ɗin kabu-kabu, an yi ruwa da safe, na sauka ƙafar wandona duk laka. Akawunan da ke zaune suka dubi juna suna ƙunshe dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka taso daga kujerarka, ka sunkuya ka dubi ƙafata da kyau, ka ce, "Wagga laka ba ta gari ba ta, ta hwadama ta. Kai ɗan ina na?" Na ce Ambursa. Ka ce, "To zamna, yau mun samu mutum." Ka shafe rabin awa kana tambayata yadda ruwa ya shiga fadamarmu a bana, kafin ka tuna ka tambaye ni takarduna. Daga ranar ban ƙara jin kunyar inda na fito ba.

Haka kake da kowa. Tsofaffin 'yan fansho da ke tahowa daga Augie da ƙauyukan bakin gulbi, su zauna ƙarƙashin dogonyaron ƙofar ma'aikata suna jiran a kira su, ba ka taɓa aika masinja ya ce su hau bene ba. Kai kake saukowa, ka tattare babbar riga ka zauna a bencinsu, ka fara da tambayar gona da iyali, sannan fayil. Na tuna Baba Hodi, tsohon maigadinmu, da fayil ɗinsa ya ɓata, aka yi ta ce masa ya dawo wani mako har takalminsa ya tsinke a hanya. Ka tuɓe riga ka shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu da 'yar singileti, kwana uku kana fitowa fari fat da ƙura, muna yi maka tsiya cewa Darakta ya koma sussuka. Rana ta uku ka fito da fayil ɗin a hannu, ɓera ya ci gefensa. Baba Hodi ya rasa bakin godiya, sai kuka. Kai kuma ka ce masa ya bar kukan nan, ya je ya sayi takalmi.

Gidanka na Badariya kuwa, ban san ranar da ya zama naka kai da iyalinka kaɗai ba. Akwai ɗakin da 'ya'yanka suka laƙaba wa suna Argungu, domin duk wanda aka turo asibiti daga garinku nan yake sauka, shi da mai jinyarsa, wani lokaci har da mai rakiyar mai jinya. Matarka Hajiya Ummu Hani ta ce mini ta manta rabon da ta ɗora ƙaramar tukunya. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a gaban baƙo ba.

Ni kaɗai nake jin ƙorafin, kuma ko shi cikin raha kake yin sa. Idan an tashi aiki kowa ya watse, sai ka buɗe kabad ɗin ƙarfen da ke bayan kujerarka, ka ciro wani babban gwangwanin madara, ka girgiza shi kusa da kunne kana murmushi. Irin shinkafa ne a ciki, an cakuɗa shi da toka don kada ƙwari su taɓa. Baƙin iri ne na mutanen da, wanda ake yafawa a kwarin fadama da ruwan farko, idan gulbi ya cika ya malalo ya riƙa tsawo yana bin ruwan, ba ya nutsewa, har a yanke shi daga cikin kwalekwale. Mahaifinka Malam Dankure ya shekara arba'in yana zaɓen zangarniyarsa da hannu, har mutanen unguwarku suka koma kiran shinkafar 'yar Dankure. Kakan ce tuwonta ja ne, yana kwana bai saki ba, kuma tun da ka zo Birnin Kebbi ba ka ci tuwon da ya kama ƙafarsa ba. Mu da muka ji labarin nan sau ɗari mukan ƙarasa maka shi tun ba ka kai ƙarshe ba, ka yi dariya ka ce ba mu da kunya.

Da sabon iri ya zo, da injin ban-ruwa da noman rani, kowa ya watsar da 'yar Dankure, kuma ba a ga laifinsu ba, domin sabon ya fi ta auki nesa ba kusa ba. Mutum ɗaya ce ta riƙe ta, yayarka Inna Laure. Kowace damina tana sa a yafa mata ita a wani lungu na gonar mijinta, ta ci kaɗan, ta ware iri. Da mijin ya rasu, 'ya'yanta suka daidaita gonar gaba ɗaya don sabon iri, lungun ya tafi. Abin da ya rage a hannunta bai fi tiya guda ba. Ta ce za ta roƙi wani maƙwabci ya ara mata gefen gona. Kai kuma ranka bai so a ce yayar Alhaji Kalilu na roƙon gefen gona ba. Ka ce ta ba ka irin ka adana shi a ofis, inda akwai sanyi da makulli, babu ɓera babu gara, in ka ajiye aiki ka shuka shi da hannunka a gonar mahaifinku.

Kai ka ba ni labarin abin da ta ce maka. Ta ce, "Kalilu, iri ba takarda ba na. Takarda ita aka kullewa. Shi in bai ga ƙasa shekara-shekara ba, mutuwa shi kai." Ka ce mata, "Shekara guda ɗai, Yaya. Baɗi war haka ina gida." Shekara bakwai ke nan da wannan maganar.

Ba ƙarya ka yi mata ba, ni shaida ne, domin ni na buga maka takardar ajiye aiki a wannan shekarar. Ban san yadda labarin ya isa Argungu ba. Ranar Asabar sai ga mota cike da dattawan unguwarku a ƙofar gidanka, ina nan zaune. Aka ci abinci, aka yi addu'a, sannan babbansu ya gyara murya ya ce, "Kalilu, mun ji wata magana wadda ba mu so. In kas sauka, wa ag gare mu Birnin Kebbi? Hwadama ba ta rasa manoma ba, amma kujera guda ɗai ag gare mu." Ka sunkuyar da kai kana wasa da gefen tabarma. Mutanen da suka yi maka rakiya ranar da aka sa ka makaranta ne, wasunsu sun ɗauke ka a kafaɗa. Ranar Litinin ka ce in miƙo takardar, ka yayyaga ta ƙanana ka zuba a kwando, ka ce in kawo fayil na gaba.

Karo na biyu 'yarka Nazifa ce ta samu gurbin karatun likita, ka ce bari ta yi nisa tukuna. Karo na uku takardar na kan teburinka, ka riga ka sa hannu, sai ga ƙarin girma zuwa Darakta. Mako guda gidanka bai yanke da masu zuwa murna ba. Da yammacin da aka gama, ka kira ni ka ce, "Abdu, ka ga ragon da anka ɗaure zaure? Ana ba shi dussa, ana shahwa bayanai, kowa yaz zo shi yaba ƙibatai. To tambayi ragon tsawon igiyatai." Na yi dariya, domin na zaci raha ce irin taka. Da na ɗaga kai na ga ba dariya kake yi ba.

A bana ne ka san babu mai iya tsayar da kai, tunda shekarun aiki sun cika. Ka karɓo gonar mahaifinku daga hannun ɗan'uwan da ka ara wa. Ka sayi fartanya sabuwa da takalmin roba a kasuwa, ka jingine su bayan ƙofar ofis, masu shigowa na tambayar ko na masinja ne. Ka ce ƙarshen Mayu za ka miƙa mini makullai, ruwan farko ya same ka a Argungu. Ban taɓa ganin ka da walwala irin ta watannin nan ba. Takalmin na nan bayan ƙofa har yanzu, ko ledarsa ba a cire ba.

A zaman makoki na ji an yi ta faɗin kalma ɗaya. Wani ya ce ka ci nasara a rayuwa, ɗan masunta da manoma ya zama Darakta. Wani ya kawo gidan Badariya, da hajji biyu, da ɗanka Ikrama da ke aiki a Abuja, da Nazifa da ta kusa zama likita. Wani dattijo ya ce duk mai son ganin mutumin da ya yi sa'ar duniya ya dubi jama'ar da ta bi gawarka. Ina zaune ina amsa amin, zuciyata na ƙuna, domin na san da za a tashe ka a tambaye ka, abin da za ka fara cewa shi ne ko an yi ruwa.

Rana ta uku aka ce Inna Laure na kira na daga cikin gida. Na same ta zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, gwiwoyinta sun kumbura. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ba ta tambaye ni yadda ka cika ba, ba ta tambayi komai na ofis ba. Ta ce, "Kai na Abdu? Irin Baba, shina nan?" Na ce yana nan, Inna, a kulle. Ta maimaita, "A kulle." Ta ce in je in ƙirga ƙwaya ɗari, in naɗe su a tsumman buhu mai laima, in ajiye bayan randa, in dawo in gaya mata abin da na gani.

Na yi yadda ta ce. Kwana uku na buɗe, babu komai. Kwana biyar, ƙwayoyin sun kumbura sun fara wari, na ce shi ke nan. Ban iya zubarwa ba, na mayar na rufe. Rana ta shida da safe na ga farin tsiro siriri kamar zare a jikin guda uku. Yallaɓai, ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba, amma ranar na zauna a gindin randa na yi kuka har matata ta fito ta tsaya a kaina.

Na kai wa Inna Laure tsumman. Ta kai shi kusa da idonta ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ukku cikin ɗari. To, da sauran rai. Amma baɗi ko guda ba ka samu. Bana na, ko babu." Ta ce irin da ya raunana haka ba a yafa shi a bar wa Allah da tsuntsaye. Sai an yi masa ɗan fage a bakin fadama da ruwan farko, a riƙa duba shi safe da yamma, abin da ya tsira a dasa shi ɗaya-ɗaya a kwarin gonar Malam Dankure kafin gulbi ya malalo. Ita ta san wurin da lokacin, amma ƙafa ba ta kai ta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ba aikin Asabar da Lahadi ba na, ɗana. Kai ɗan hwadama na, ka sani."

Na sani. Na yi wa 'ya'yanta magana, suka ce za su gani in sun gama da nasu, kuma daga yadda suka faɗa na gane ba za su gama ba. Na nemi wanda zan ɗauka ya yi aikin, samarin da na samu ba wanda ya taɓa ganin shinkafar da ake yanka daga kwalekwale, ɗaya ma tambayata ya yi buhun taki nawa za a zuba mata. Ikrama ya ce duk abin da ake bukata zai aiko, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba aike irin nan yake so ba, mutum yake so.

A makon ne aka miƙo mini takarda, an ba ni riƙon kujerarka. Kafin in gama karanta ta labari ya kai Ambursa. Ranar Asabar kabu-kabu shida suka tsaya a ƙofar gidana a Nasarawa. Aka ci abinci, aka yi addu'a, sannan Kawu Tamba, ƙanen mahaifina, ya dafa kafaɗata ya ce, "Abdu, Allah Ya cika muna buri. Yanzu mu ma muna da namu Birnin Kebbi." Na tuna na taɓa zama a irin wannan tabarmar, sai dai a lokacin ba ni ake yi wa magana ba. Na sunkuyar da kai na ce Allah Ya taya mu riƙo. Me zan ce wa mutumin da ya sayar da albasarsa tun ba ta nuna ba don in zauna jarrabawa? Ranar Litinin na nemi hutun mako uku. Aka ce mini cikin mutunci, sabon Darakta ba ya tafiya hutu a watan da aka naɗa shi, in bari sai bayan damina.

Tun rasuwarka nake juya maganar nasarar nan, ban kai ƙarshenta ba. Idan nasara ita ce mutum ya amfani jama'a, ka same ta, ba ni da shakka. Baba Hodi ya zo jana'izarka a kan keke, da tsufansa, rana na dukansa. Wannan ba abin da kujera ke saya ba ne, kuma ina fatan shi ne abin da ka tarar a gabanka. Amma na zauna kusa da kai shekara ashirin da shida, ban ga ranar da ka ɗanɗani wannan nasarar ba. Kullum ranka na wani wuri, kullum sai baɗi. Abu ɗaya ka roƙa wa kanka a duniya, gona kadada guda da tuwon mahaifinka, kuma mu da muke ƙaunarka mu muka hana ka, da yabo da addu'a da ziyarar Asabar. Ni ma ina ciki. Duk lokacin da ka yaga takardar nan daɗi nake ji a ɓoye, don ba na son in rasa inuwarka. Ka yafe mini.

Kai ma ka yi kuskure, kuma na san da kana nan za ka yarda in faɗa. Ka ɗauki abu mai rai ka yi masa ajiyar fayil. Ka zaci abin da aka kulle yana jiran mai shi. Ni da na ga ƙarshen wannan kuskuren da idona, na riƙe tsumman da hannuna, ya kamata a ce na fi kowa sani. Na rantse wa kaina gwangwanin nan ba zai sake shiga kabad ba, na ɗora shi a kan tebur inda zan riƙa ganinsa. Jiya aka yi taro har yamma, fayiloli suka taru, masu jira suka cika ƙarƙashin dogonyaro. Da na tashi tafiya na tattara abin da ke kan tebur na zuba a kabad, na murɗa makulli, na ce a raina mako mai zuwa zan san yadda zan yi. Sai da na kai mota na tuna da abin da na kulle. Na tsaya riƙe da makullin, na ɗaga kai na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Allah Ya jiƙanka, Alhaji Kalilu. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi. Duk matakalar benen da ka sauko don wani tsoho, duk tabarmar da aka shimfiɗa wa marar lafiya a gidanka, Allah Ya sa ka same su a mizani. Abin da ka yi ta ɗagawa a nan, Allah Ya ba ka wanda ya fi shi a Aljanna, inda ba mai zuwa ya ce ka dakata sai baɗi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ummu Hani, da Ikrama da Nazifa da sauran 'yan'uwansu, da dukkan zuriyar Malam Dankure, da mutanen Argungu da suka rasa nasu a Birnin Kebbi, da abokan aikinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Inna Laure, Allah Ya ba ki lafiyar ƙafa da tsawon rai. Na ji saƙonki na shekaranjiya, kina tambaya ko na sa rana. Ban sa ba tukuna.

Duk wanda ya karanta wannan, in ya gama yi wa mamaci addu'a, ina roƙon ya ƙara da ni. Saura shekara tara in ajiye aiki, irin kuwa makonni ne suka rage masa. Allah Ya ba ni ikon buɗe kabad ɗin nan kafin ruwan farko ya sauka.

Abdussamadu Ambursa
Nasarawa, Birnin Kebbi